Dutsen Murhun Gidan Ilu

Tun da na dawo Riyad ban huta ba. Yau matan unguwar Ulaisha, gobe na Manfuha, kowace da tambayarta: "Hajiya Ladi, wai da gaske kin ga ƙasusuwan Samudawa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dishe, kuma na lura duk wadda ta ji shi, kafin ta gama sauka daga bene ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wata ta tare 'yata Binta a asibiti tana cewa ai an ce kwana bakwai na yi a kan raƙumi. Ni da matakalar gidan nan ma sai na tsaya na huta sau biyu! Shi ya sa na ce a sayo mini littafi da biro in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya huta. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne a Daura, inda kuka ga na karkace ku miƙe da kanku.

Waɗanda suka san ni sun san ba ni da ƙafar yawo. Shekarata huɗu a garin nan, rainon jikoki ya kawo ni, don Binta nas ce, maigidanta injiniya, su duka biyun tun safe suke fita. Abin da na sani a Riyad bai wuce kicin ba, da tagar falo, da baƙala, wato kantin ɗan Yaman da ke ƙasan gidanmu, sai kasuwar Aziziya sau ɗaya a wata in za a sayo tumatir da albasa. Ko Larabcin nan, kunnena ya ɗauka sarai, bakina ne ya ƙi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Malam Haruna. Dattijo ne mutumin Damagaram, dangin marigayi maigidana, yana dako a Aziziya. Ya miƙo mini kaset, ya ce an biyo da shi hannu-hannu daga Nijar. Na sa a rediyo.

"Yaya, ni ce Rakiya. Ina gaishe ki, ina gaida yara." Ina jin zakara yana cara a bayanta. "Yaya, in da hali ki zo. Ƙanenki ya bar cin abinci. Wata na uku ke nan ba ya cin duk abin da aka ɗora a wuta, sai ruwa da dabino, wani lokaci ɗan nono. An kai shi likita, sun ce ba su ga komai ba. Sauran maganar ba ta kaset ba ce."

Rakiya matar Ilu ce, Ilu kuwa shi ne autanmu, a bayana ya girma. Ya daɗe da tafiya Nijar, can gaba da Agadas, wani ɗan gari da ake haƙar kwal. Mun riga mun ji rasuwar 'yarsu Nana, ƙyanda ce ta tafi da ita, mun aika ta'aziyya. Amma wannan maganar sabuwa ce. Na mayar da kaset ɗin baya sau uku. A na ukun na ce wa Binta, "Gaya wa maigidanki ya nemo mini takardar fita da dawowa."

Ta ce, "Inna, ke da ko lif ba kya shiga ke kaɗai?"

Na ce, "Can babu lif."

Surukina, bawan Allah, ya yi ta zirga-zirga da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, da fasfo har aka buga huruj wa auda, izinin fita da dawowar ke nan. Malam Haruna ya roƙi kafil ɗinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya matso masa da hutunsa, don ya raka ni har Damagaram. Na ɗaure kaya: jarkar zamzam, kwalin dabino, turare, darduma, da ƙwayoyin ƙarin jini da Binta ta cusa mini tana ta maimaita cewa in ya fara ci, kada a cika masa ciki lokaci ɗaya.

Daga Riyad muka tashi Jidda, daga Jidda sai Kano. Na jirgi ba ni da abin faɗa, idona a rufe yake, carbi a hannu. A Kano na fara kwasar kunya. Kun san halin da muka koya a nan, mu yi ta gulmar mutane da Hausa a gaban idonsu, tunda ba wanda ke ji. Muna layin kaya na ga wata mata ta ɗaura ɗankwali ya yi sama kamar rumbu, na juya na ce wa Malam Haruna da ƙarfi, "Wannan ko ta ƙofar jirgi da ƙyar ta wuce."

Matar ta waiwayo ta ce, "Na wuce, Hajiya. Sunkuyawa na yi."

Malam Haruna ya yi kamar bai san ni ba. Na ba ta haƙuri da dabino cikin tafin hannu, muka rabu muna dariya. Daga nan na ɗaure bakina har Daura.

Kwana ɗaya na yi a gida. Ban gaya wa kowa abin da ke ciki ba, na ce ziyara ce. Washegari muka kama hanyar iyaka, wadda ba a daɗe da sake buɗewa ba bayan rufewar da aka yi mata. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi fasfo ɗina, fuska a murtuke, yana juya shi. Da ya ga tambarin Saudiyya sai ya sauke murya.

"Hajiya, daga Makka kike?"

Na ce, "Daga Riyad."

"Ai duk ɗaya ne. Mi ke cikin jarkar ga?"

Na faɗa masa. Sai ga shi ya cire hula, ya kawo kofi. Ya sha, ya shafa a ido, ya kira abokin aikinsa. Na ɗauka shi ke nan. Ashe a ƙasar nan kowane gari da shingensa, kowane shinge da jandarmansa, kowane jandarma kuma da kofinsa. Direbanmu ma ya gano dabara: da mun tsaya sai ya leƙa ya ce, "Akwai Hajiya daga Makka da zamzam," a sha, a ɗaga mana sanda. Kafin mu isa Damagaram jarka ta koma rabi.

Malam Haruna ya ce, "Hajiya, ki cika ta da ruwan rijiya mana. Albarkar ai tana bin ruwan. Kowa haka yake yi."

Na ce, "Malam, wa ke saye a wurinka, in gargaɗe shi?"

A gidansa na kwana biyu. Maiɗakinsa ta yi mini tuwon gero, su hatsi suke ce masa, da miyar kuka wadda ta ji daddawa. Shekara huɗu ina cin kabsa, shinkafar Larabawa, da kazar firji mai ɗanɗanon auduga, da na kai lomar farko sai da hawaye ya zo mini. Da safe kuma aka kawo wani burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Suka ce na Faransa ne. Na ce tamis ɗin Riyad ya fi shi tausayi.

Daga nan ni kaɗai ce. Malam Haruna ya damƙa ni a hannun direban wata babbar mota mai zuwa Agadas, aka ba ni gaba saboda furfura. Kusa da ni wata Buzuwa ce mai suna Tekna, fuskarta a buɗe, tana taunar taba, mijinta kuwa yana baya ya naɗe fuskarsa ruf, idanu kawai ake gani. Na yi ta kallonsu. Na ce mata a inda na fito mata ne ke rufe fuska, maza su bar tasu a waje. Ta yi dariya har da tafi, ta leƙa ta taga ta faɗa wa mijin da yarensu, ta dawo ta ce mini da Hausarta mai karyewa, "Ya ce mazan can ba su da kunya."

Ita ta koya mini cin cuku, wani busasshen abu da suke yi da nono, mai tauri kamar fata. Ta daka shi da gero da dabino a ɗan turminta, ta dama, muka sha. Da na buɗe kwalina in ba ta tsarabar dabino, ta ɗauki ɗaya ta duba, ta ce, "Tun daga Makka kika ɗauko wa mutanen Agadas dabino?" Sai a tashar Agadas na gane abin da take nufi, buhu-buhu ne jibge har ana zama a kai. Taya ta fashe mana sau biyu bayan Tanut, sau ɗaya kuma muka kafe a yashi, maza suka sauka turi, ni da Tekna muna ciki muna ba su umarni. A Agadas na sauka gidan 'yar'uwarta. Ɗakin da aka ba ni akwai wata akuya da ta riga ni, kuma ta nuna mini a fili cewa ni ce baƙuwa.

Garin su Ilu yana da suna na Buzaye wanda harshena ya kasa, ma'aikata dai Bakin Rami suke ce masa. Ƙaramin gari ne. Gefe ɗaya gidajen bulo na manyan kamfani a jere, ɗaya gefen ɗakunan ƙasa da bukkokin tabarma. Jiniya ce ke tashin mutane, ita ke mayar da su gida, kuma duk wanda ka gani da yamma baƙi ne wuluk sai haƙora. Amma ba kwal ne ya sa aka san garin ba. Ina sauka daga mota na ga wani abu jingine a ƙofar wani kanti, na ɗauka kututturen giginya ne. Mai kantin ya ce, "Ƙashin cinya ne, Hajiya." Ya fi ni tsawo. Ya ce dajin nan cike yake da su, sun zama dutse, Turawa suna zuwa da sanyi su tona su tafi da su. Ma'aikatan da suka yi lakwal, wato makarantar boko, suna ce musu dinozor. Tsofaffi kuwa suna cewa Samudawa ne, ƙattin mutanen farko da aka halaka.

Ilu yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa. Wallahi da a hanya na gan shi da na wuce. Mutumin da ke ɗaukar buhun gero a kafaɗa ɗaya, ga shi wuya kamar na zabo, riga ta yi masa yawa.

Ya ce, "Yaya, wa ya ce ki wahalar da kanki?"

Na ce, "Kaza ta Riyad ce ta ishe ni, na zo cin abincin Rakiya. Tashi mu ci."

Ya yi murmushi ya girgiza kai. Na ba shi zamzam, ya sha ya yi godiya. Tuwo kuwa ko kallonsa bai yi ba. Na lura da tafin hannunsa duka biyu, tabon ƙuna ne.

A madafa Rakiya ta ba ni labari, tana magana ƙasa-ƙasa. Tukunyarta a kan duwatsu biyu take da wani gutsuren bulo, tana ta karkacewa. Ta ce shekara biyu a jere Turawan nan suna ɗaukar Ilu aiki in ya sami hutu, don hannunsa yana da sanyi wajen tono, ba ya fasa abu. Wata rana ya dawo da guda ɗaya daga cikin ƙasusuwan, mai kama da ƙaramin turmi, ya ajiye a tsakar gida don sha'awa. Ana nan dutsen murhunta ɗaya ya tsage. Garin nan kuwa yashi ne da tsakuwa, dutsen kirki sai an yi tafiya. Ta duba ta ga wancan, tsawonsa daidai, samansa a shafe. Ta ɗauka ta sa.

"Shekara guda, Yaya, a kansa nake girki. Shi ma ya sani, har yana yaba yadda tukunya ke zama."

Sai Nana ta rasu. Ranar sadakar bakwai ana dafa abinci, wani malami baƙo da ya zo ta'aziyya ya hango dutsen a ƙarƙashin tukunya. Ya tambaya, aka faɗa masa. Ya yi salati ya ce, "A kan ƙashin ɗan Adam kuke girki? Kun tone kabarin Samudawa kun kawo shi gida kuna ƙona shi?" Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya ji daga magabatansa ke nan. Amma a gaban jama'a ya faɗa, kuma a gaban uban da ya binne 'yarsa kwana bakwai da suka wuce. Ilu ya tashi ya sa hannu cikin wuta ya ciro shi. Ya wanke, ya naɗe a farin ƙyalle, ya kai ɗaki. Tun daga ranar in ya ga abin da aka dafa sai zuciyarsa ta tashi. Cewa yake shi ya ciyar da 'yarsa abincin da aka dafa a kan gawa, shi ya jawo.

Na ce, "Turawan ba su gaya masa mene ne ba?"

"Sun gaya masa dabba ce. Ya ce mai son ɗaukar abu ai dole ya ce dabba ce." Ta kama hannuna. "Yaya, daga Saudiyya kike. Garin nan kowa yana ganin duk abin da kika faɗa daga Makka ya fito. Ki ce masa kin tambayi manyan malamai sun ce babu komai."

Allah Ya yafe mini, na gwada. Da la'asar na zauna kusa da shi na ce ai kafin in taso na sa an tambayi wani babban shehi. Ya bar ni na kai ƙarshe, har da sunan unguwar shehin.

Ya ce, "Yaya, kin san abin da ke damuna kafin ki taso?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba:

"Kuma tun muna yara, in za ki yi ƙarya sai kin gyara ɗankwali. Sau uku kika gyara yanzu."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "To na yi ƙarya. Ɗauko mini shi in gani."

Ya yi gardama, na ce ban ƙetare ƙasa uku don in kalli ƙyalle ba. Ya shiga ya fito da shi a rungume kamar jariri, ya kwance. Gefe ɗaya duk baƙin hayaƙi.

A nan sai in gaya muku wani abu. Mu gidan mahauta ne. Ilu tun yana ƙarami ba ya son jini, ya gudu daga sana'ar. Ni kuwa ni ce mai zama gefen Baba in ya dawo da ragowar kasuwa, ni ke ware ƙashin romo, wannan na wuya, wannan na gadon baya, wannan na wutsiya. Na yi ta juya abin nan a cinyata. Nauyinsa na dutse ne, amma ƙirarsa ta ƙashin baya ce. A ƙarƙashinsa na ji wasu 'yan tudu biyu, inda wani ƙaramin ƙashi yake maƙalewa. Na san wannan. Na gan shi a damo a Daura, na kuma gan shi a nan Riyad ranar da maƙwabcinmu Balarabe ya kawo mana irin damon da suke ci, na yanka shi ina tsine-tsine a zuci. Amma ban ce komai ba. Ba ni da tabbas, kuma mutumin ya riga ya kama ni da ƙarya ɗaya a ranar.

Na ce, "Me kake jira da shi a ɗaki?"

Ya ce so yake ya mayar da shi wurin mai shi, amma liman ya ce bai san ko a yi salla ko kada a yi ba, shi kuma ƙafarsa ta kasa zuwa wurin.

Na ce, "Gobe za mu je."

"Mata ba sa zuwa maƙabarta, Yaya."

"In maƙabarta ce zan tsaya daga nesa."

Maƙwabcinsu wani Buzu ne mai suna Agali, shi ke yi wa Turawan jagora, yana da tsohuwar Landiroba wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya. Bayan sallar asuba muka tashi, ni a gaba, Ilu a baya da ƙunshinsa. Babu hanya, Agali yana dai duban ƙasa ya karkata nan ya karkata can. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a Riyad in an kira salla har kantuna ake rufewa. Na ce ƙwarai. Ya ce, "To in mutum yana cikin kantin fa?" Na ce a kore shi. Ya daɗe yana jinjina wannan.

Hantsi ya ɗaga muka isa gindin wani ɗan tudu. Na tsaya jikin mota kamar yadda na yi alkawari. Daga nan ina hango su, a jere a kan ƙasa kamar an kife tukwane, layi guda mai lanƙwasa. Agali ya ce wannan Turawa sun bar shi ne don ba a sami kansa ba, kuma ya farfashe da yawa.

Ilu ya tafi yana tangaɗi. Ya fara daga inda haƙarƙari suke, kowane ɗaya kamar azara. Ya durƙusa ya gwada nasa, ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Ya matsa gaba. Ya wuce wani faffaɗan ƙashi da ko daga nesa na san ƙugu ne. Ya ci gaba, yana gwadawa yana tashi. Ni dai ban san lokacin da ƙafata ta bar jikin mota ba, sai ganina na yi a bayansa. Ƙasusuwan suna ta raguwa, kowane bai kai na gabansa ba. Can sai ga gurbi, har da sawun bakin digarsa a gefe. Ya sa shi. Ya zauna daram.

Na wuce shi na ci gaba da bin layin ina ƙirga taku. Daga ƙugun zuwa inda ya ƙare, taku goma sha huɗu na yi, na ƙarshen bai fi dunƙulen hannuna ba. Na tsaya a can na kira shi.

"Ilu, ɗan mahauci. Daga ƙugu zuwa nan, ina ne a jikin mutum?"

Ya dubi inda ya fito, ya dubi inda nake tsaye. Ya daɗe.

Ya ce, "Wutsiya ce."

Agali ya ɗaga hannu sama. "Na faɗa mishi! Na ce tun kakanninmu mun san dabba ce. Ya ce ni ba malami ba ne."

Ilu ya ce, a hankali, "Wataƙila su Samudawan suna da wutsiya."

Na ce, "Ka ji tsoron Allah. Mutanen da aka aiko musu Annabi daga cikinsu?"

Ya yi istigfari da sauri. Na ɗauka zai yi dariya, don ni ta riga ta taso mini. Sai na ga ya zauna a ƙasa, ya dafa ƙashin nan da hannunsa mai tabo.

"To, Yaya, me ya ci Nana?"

Na dawo na zauna kusa da shi a kan yashi. Na ce, "Ƙyanda. Ita ta ci 'ya'yana Sa'a da Lawandi a ɗakina cikin mako ɗaya, kana gidan, kai ka je ka kira Baba daga kasuwa. Ni me na tona? Ban taɓa tona komai ba sai gyaɗa."

Ya ce, "Da laifina ne, ai da na san abin da zan yi."

"Na sani. Ni ma na nemi laifin, har wajen boka, ban samu ba. Babu abin yi, Ilu. Sai dai a ci abinci a yi mata addu'a."

Nan ya fashe da kuka, irin wanda Rakiya ta ce bai yi ba ko ranar jana'iza. Na bar shi. Agali ya juya mana baya, ya tafi can ya hura wuta da 'yan ƙirare, ya kwaɓa gari, ya ture garwashin ya binne ƙullun cikin yashi mai zafi. Haka suke gasa burodinsu, ba tanda ba tukunya. Da ya gasu ya tono shi, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura a akushi ya zuba man shanu, ya kawo ya ajiye a tsakaninmu.

Na yi bisimilla na ɗauka, ban dubi Ilu ba. Yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙorina, ina ta surutu da Agali a kan tsadar raguna a Riyad. Ta gefen ido na ga hannu ya miƙo. Loma ɗaya. Ya daɗe yana taunawa. Sai ta biyu. A ta biyar na janye akushin na ce Binta ta ce kada a cika ciki.

Ya ce, "Wata da watanni kuna bina in ci, yanzu kuma ki ƙwace?"

Agali ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya yi maza ya gyara.

A hanyar dawowa, mun zo wucewa ta wani busasshen rafi mai duwatsu, Ilu ya buga jikin mota ya ce a tsaya. Ya sauka yana bin duwatsun, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan. Ya sami ɗaya mai shafaffen kai, ya auna tsawonsa da hannu. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya kankare da farce. Sannan ya kawo shi taga ya ɗora mini a cinya.

"Yaya, duba mini wannan da kyau."

Na juya shi ta kowane gefe, na shafa ƙarƙashinsa, har da shinshinawa.

Na ce, "Dutse ne."

A cinyarsa ya riƙe shi har gida. Rakiya tana tsakar gida muka shiga. Ya wuce madafa, ya zare gutsuren bulon nan ya jefar, ya kafa dutsen, ya ɗora tukunya ya girgiza ta ya ga ta zauna. Sannan ya ɗago ya ce, "Akwai sauran kuka a gidan nan?"